Gawar Yaya da Ruwan Shuka

Yayana ya rasu yana kan kujerar ɗan majalisar jiha, a zangonsa na biyu, washegarin ranar da aka yi ruwan shuka. Abu ɗaya ya roƙe ni kafin ya cika, shi ne kada in bari a tsare mutanen garinmu da gawarsa. An tsare su. Ina so in rubuta yadda abin ya faru, domin waɗanda suka yi suna nan da ransu, kuma har yau a ganinsu karrama shi suka yi.

Sai na fara da al'adarmu, don wanda ba ɗan nan ba ne ba zai gane ba. A garinmu ba a shuka da kabari a buɗe. Da zarar an sara ƙasa don mamaci, ba mai saɓa sungumi ya nufi gona sai an rufe shi an dawo. Tsofaffi suna cewa irin da aka zuba a wannan tsakanin ba ya albarka. Limaminmu ya sha faɗa cewa bai ga haka a littafi ba, amma shi ma bai taɓa ketawa ba, yana cewa ko ba komai girmama maƙwabci ne. Kuma al'adar ba ta taɓa cutar kowa ba, saboda mu ba ma ajiye gawa. Mutum ya cika da asuba, kafin hantsi ya yi zafi an dawo daga makabarta, kowa ya kama gabansa.

Ƙasarmu kuwa jigawa ce, rairayi mai saurin sakin ruwa. Gonaki a manne suke da juna, layin gamba ne kawai tsakanin taka da ta wani, babu saura, babu daji da za ka ce in nan ta ƙi can za ta yi. Idan ruwan farko ya sauka sosai, yinin da ya biyo baya shi ne naka. Wanda ya zuba iri a ranar, geronsa zai kama saiwa ya bi laima ƙasa. Wanda ya makara, sai abin da Allah ya yi.

Yaya ya san wannan tun kafin ya san baƙi. Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, "wancan" take cewa, ko "yaron nan", har gemunsa ya yi fari. Tun muna ƙanana shi ke sara da sungumi, ni ina binsa da ƙoƙon iri, in zuba in take da diddige. Shi aka tura Bici karatun malanta. Ni na tsaya a farkon sakandare, lokacin da ciwo ya kwantar da Baba, gona kuma tana neman hannu. Ban taɓa jin haushin wannan rabon ba. Kansa ya fi nawa ɗaukar karatu, bayana ya fi nasa jure sunkuyo.

Ya daɗe yana koyarwa a firamaren garinmu har ya zama hedimasta. Ba siyasa ya fita nema ba da farko, taki ya fita nema. Kowace shekara takin da ake sayar wa manoma da rangwame sai ya iso bayan gero ya yi ciki, shi kuma ya riƙa tara mutane yana kai su sakatariya a bayan a-kori-kura, su zauna a gindin darbejiya har a gaji da ganinsu. Daga nan aka ce ya tsaya kansila. Daga kansila, dattawan mazaɓa suka zo zaurenmu suka ce majalisar jiha suke so ya tafi. Lokacin Baba ya riga ya rasu, don haka wurin Inna aka shiga neman albarka. Ta ce wancan ya fi ta sanin abin da yake nema, Allah ya sa ya dawo kamar yadda ya tafi.

Ni na goya shi a babur a yaƙin zaɓen farko, kasuwa-kasuwa, har ƙauyukan ƙarshen mazaɓa. Hular da ya sa a hoton fosta ta aro ce. Masu buga fostar sun wanke masa fuska har ya koma fari sol, da aka kawo wa Inna ɗaya ta duba ta ce ita ba ta san wannan Balaraben ba. Da ya ci, mata suka cika gidanmu da guɗa, ita kuwa tana bakin murhu tana tuƙa tuwo kamar ba ɗanta ake yi wa ba.

Sau ɗaya na taɓa shiga zauren majalisar, na zauna a sama inda baƙi suke zama. Ranar Yaya ya miƙe ya yi magana a kan taki da iri, cewa a riƙa kai su ƙauye tun da bazara. Bai kai rabi ba wani daga baya ya ce Honarabul Taki ya tashi. Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya jira aka gama, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Da muka fito na tambaye shi ko abin bai dame shi ba. Ya ce ya koyar da 'yan aji ɗaya shekara da shekaru, surutu ba ya hana shi ƙarasa darasi.

Ba zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Ya yi kwalbati a rafin da ya raba mu da titi, wanda a da idan ya cika sai mai naƙuda ta haihu a bakinsa. Ya ƙara azuzuwa, ya haƙa rijiyoyin burtsatse a unguwanni. Amma madatsar ruwan noman rani da yake alkawari a kowane taro, har ya koma ga Allah ba a kai tifa ɗaya ta yashi ba. Ya gina gida a birni, ya sayi mota mai baƙin gilashi. Kullum safiya ƙofar gidan cike take da mutanenmu, wannan yaronsa yana asibiti, wannan matarsa ta haihu babu rago, wannan rufin ɗakinsa ya yaye, kuma na san akwai ranakun da ta ƙofar baya ya fita. A zaɓe na biyu da ƙyar ya sha, har a wata kasuwa samari suka bi motarsa suna cewa ba sa yi. Bayan nan zuwansa gida ya ragu. Ya ɗaga hannu a majalisa ya amince da abubuwan da a ɗaki ya gaya mini ɓarna ne. Da na yi masa magana ya ce ban san yadda ake zama a can ba, ni kuma na ce gaskiya ne, a nan na san yadda ake zama. Mun daɗe gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Akwai ubangidansu na siyasa, babban mutum, wanda shi ke cewa wane zai tsaya, wane zai haƙura. Maigida suke ce masa. Na taɓa raka Yaya gidansa. Na ga mutumin da ya yi hedimasta, mai furfura, ya tuɓe takalmi tun daga farfajiya, ya zauna a falo tun safe har azahar ta wuce ana cewa Maigida yana fitowa. A hanyar dawowa na kasa kallon fuskarsa.

Duk da haka shuka ba ta taɓa wuce shi ba. Ko ana zaman majalisa, idan aka buga masa waya cewa ruwa ya sauka, da sassafe za ka ga motarsa a bakin burtali. A nan yake barin ta, don bai yarda taya ta taka gonar kowa ba. Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa direba, ya karɓi sungumi. Hannunsa ya yi laushi, kafin ya gama layi biyu ya yi kanta, mutane suna tsokanarsa daga gonakinsu suna cewa a kawo wa Honarabul safar hannu. Har shekarar da ba ma magana ya zo. Yana sara ina binsa da iri, muka kai ƙarshen gona muka juyo, ba wanda ya ce wa wani uffan.

Hawan jini da ciwon suga sun daɗe suna cinsa, daga baya suka taɓa ƙoda. Aka kwantar da shi a wani asibitin kuɗi a birni. Ni na zauna jinyarsa, don matarsa ba ta iya ɗaga shi, babban ɗansa kuma yana zuwa aiki. Ɗan nan a birni ya girma, tun yana ƙarami aka kai shi karatu can. Mutum ne mai ladabi, amma gonarmu daga cikin mota ya san ta. 'Yan jam'iyya sun yi ta zuwa dubiya, kuma na lura wasu ba fuskarsa suke kallo ba, ƙafafunsa da suka kumbura suke kallo, kamar mai duba dabba a kasuwa. Wayarsa kuwa ba ta daina ƙara ba, masu neman taimako ne, har sai da na kashe ta na sa a aljihu.

Yammacin da ya zama na ƙarshe hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa mai ƙarfi. Yaya ya buɗe ido ya ce in buga gida in ji ko ya kai can. Na kira maƙwabcinmu, wanda gonarsa ke manne da tamu. Mutumin nan ɗan jam'iyyar hamayya ne, a zaɓe biyu ya yaƙi Yaya a fili, amma ba mu taɓa daina cin tuwon juna ba. Ya ce ruwa ya yi, ya tona da hannu har gwiwar hannu bai tarar da busasshiyar ƙasa ba, mata ma sun fara sussukar iri.

Na gaya wa Yaya. Ya ce, "Gobe shuka ke nan."

Na ce in Allah ya kai mu.

"Idan ta Allah ta kasance a kaina, ka kai ni da wuri. Kada ka bari a tsare mutane da ni."

Na ce ya bar wannan magana, saran bana ma shi zai yi. Ya ce ni ma na san ba haka ba ne, in dai amsa masa. Na amsa.

Ya cika bayan sallar asuba, ina riƙe da hannunsa. Da na rufe masa ido na ɗaure haɓarsa, liman na fara kira. Na ce a sara kabari yanzu kusa da na Baba, muna tafe. Daga birni zuwa garinmu ba wata tafiya ba ce, na tabbata kafin hantsi mun iso, a rufe shi, mutane su fita gona da sauran sanyin safiya. Liman ya ce Allah ya jiƙansa, za a sanar a masallaci. Maƙwabcin nan namu shi ya fara sara.

Kafin a sallame mu daga asibiti labari ya kai ko'ina. Ciyaman ɗin jam'iyya na ƙaramar hukumarmu ya iso, tare da wani Alhaji ɗan kwangila wanda kowa ya san ya daɗe yana hangen kujerar Yaya. Alhajin ya zo da motar ɗaukar gawa tasa ta kansa, sabuwa, da hotonsa a jiki. Suka ce a fara biyawa gidan birni a yi wanka a can, iyali su yi masa addu'a. Wannan ban ga laifinsa ba. Ni da wani malamin unguwa muka yi wankan, muka sa likkafani, hantsi bai gama ɗagawa ba mun gama.

Na fito na ce a kawo mota. Aka ce direba ya je shan mai. Sai Ciyaman ya ja ni gefe ya dafa kafaɗata, ya ce Maigida yana Abuja, an gaya masa, har ya yi hawaye, ya ce lallai da shi za a yi salla, jirginsa yana gab da tasowa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kabari a buɗe yake, kuma yau shuka."

Ya dube ni kamar na yi maganar yara. "Malam, ɗan majalisa ne fa ya rasu. Gero ai ba gudu zai yi ba."

Na gaya masa wasiyyar. Ya ce marar lafiya yana faɗin abubuwa da yawa, kuma mutum irin wannan ba na danginsa kaɗai ba ne, na jam'iyya ne, na jiha ne. Na roƙe shi, in ba za a tashi yanzu ba a faɗa wa mutanen gari gaskiya, ko liman zai sami hanyar da zai sallame su. Ya ce in bar masa wannan. A gabana ya kira mai gari, ya ce a shirya, ga mu nan mun kama hanya. Ina tsaye, gawa tana ɗaki, mota babu direba. Abin da Ciyaman yake gudu shi ne Maigida ya iso ya tarar da sahu biyu na tsofaffi, jama'a sun watse a gonaki. Taro suke so, domin za a yi zaɓen cike gurbi, kuma hoton wannan jana'iza da shi za a fara kamfen.

Na kira liman na ce ba mu taso ba. Maganata da ta Ciyaman suka ci karo a gari, mutane suka ɗauki tasa, don shi ne mai motoci.

Na fita da ƙafa har tasha, na sami wani direban bas mai zuwa Minjibir, na gaya masa halin da nake ciki. Ɗan manomi ne, ban ƙarasa ba ya gane. Ya cire kujerun baya ya biyo ni. Da muka iso, samarin jam'iyya sun cika ƙofar gidan, sun rufe get. Ba su zage ni ba, Baba ma suke ce mini, amma ba su buɗe ba. Sai ɗan Yaya ya fito, idonsa ja, ya durƙusa a gabana a kan titi.

"Baffa, don Allah ka yi haƙuri. Idan muka tafi da shi a motar haya me za a ce? Maigida shi ya yi wa Abba komai."

Na ce, "Ubanka ne ya ce a kai shi da wuri."

Ya ce ya sani, amma yini ɗaya ne, kuma an yi masa alkawari duk wanda ya yi asara za a duba shi. Ba da mugunta ya faɗa ba. Bai san abin da yake faɗa ba ne, ba wanda ya taɓa sa masa ƙoƙon iri a hannu. Da zan ɗauki gawar, sai na ture shi na ture samarin, a yi kokawa a kan makara a gaban matan gida. Wannan ba abin yi ba ne. Na sallami direban, ya yi mini gaisuwa ya tafi.

Na koma ɗakin da aka shimfiɗe Yaya na zauna. An kunna na'urar sanyi, an kawo ƙanƙara a buhu an jera a gefensa, kamar kifi. A waje ana ta sauke kujerun roba da lemo, ana gaisawa da ƙarfi, ana musayar lambar waya. Matarsa ta leƙo sau ɗaya ta tambaye ni ko ya halatta a bar mutum haka. Na ce ta tambayi malaman da ke zaune a rumfa, sun fi ni karatu. Ta taga ina kallon rana. Rana ce irin ta bayan ruwa, fara tas, babu gajimare ko ɗaya, ga iska mai zafi tana kaɗawa. Duk manomi ya san abin da irin wannan rana take yi wa rairayi.

Abin da ya faru a gida, maƙwabcinmu ne ya ba ni labari daga baya. Tun da safe maza suka taru a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, kowa ya bar sungumi a jingine a zaure, iri a ƙwarya. Da hantsi aka ce mun taso. Da rana ta take aka ce mun kusa kwanar titi. Duk ƙarar motar da aka ji sai a miƙe a kakkaɓe riga. Bayan azahar Inna ta aika aka kira liman bakin ƙofa. Daga bayan zana ta ce masa a sallami mutane su tafi gona, wancan ba zai ji daɗi ba, ita ta yafe nata haƙƙin. Liman ya fito ya faɗa, ya ƙara da cewa addini bai hana ba. Wasu kaɗan suka miƙe. Sai ɗaya daga cikin samarin jam'iyya da aka turo kafa rumfuna ya ce a bar su su tafi, ai an san 'yan hamayya, dama murna suke yi. Waɗanda suka miƙe suka dubi juna, suka koma suka zauna. Maƙwabcinmu ya ce shi da ya haƙa kabarin da hannunsa, ranar ko ruwa bai iya tashi ya sha ba, don kada a ce da shi ake.

Maigida ya iso gidan birni bayan la'asar. Ya shiga ya tsaya a kan gawar, ya ɗaga hannu, aka ɗauki hoto. Nan take direban da ya je shan mai tun safe ya bayyana. Muka tashi da jiniya, motoci a jere har ba ka hango ƙarshensu. Ina zaune a baya kusa da makara. Tun daga bayan gari, dama da hagu, mutane ne a gonaki, mai sara a gaba, mai zuba iri a baya, wasu ma sun gama suna karkaɗe ƙwarya. Ƙauye bayan ƙauye haka. Da muka haye kwalbatin nan muka shiga ƙasarmu sai gonaki suka zama wayam, babu mutum ko ɗaya, saman ƙasar ya riga ya yi fari.

Babu fili a garinmu da zai ɗauki motoci irin waɗannan. Suka sauka daga burtali suka bazu cikin gonaki, suka tattake gamba, suka yi ta juyawa a kan takin da mutane suka shafe rani suna kaiwa a jaki. Aka yi sahu. Masu tsaron Maigida suka matsar da dattawan da suka yini a zaune zuwa baya, don a sami wurin manya. Liman ya yi sallar, bai kalli kowa ba. A makabarta muka tarar bakin kabarin ya bushe ya zube ciki, sai da maƙwabcinmu ya sake shiga ya kwashe rairayin. Ni da shi da ɗan Yaya muka sa shi a makwancinsa. Ana jera itace rana tana faɗuwa.

Da aka rufe, Maigida ya karɓi lasifika. Ya ce marigayi abokin manoma ne, ya rayu don manoma, kuma jam'iyya ba za ta taɓa mantawa da manoma ba. Alhaji yana tsaye a damansa. Mutanenmu suka ce amin, domin an saba cewa amin.

Bayan magariba na shiga wurin Inna. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, kunyar ɗan fari ba ta sake ta ba ko a ranar. Ta tambaye ni ko ya sha wuya, na ce a'a. Ta tambaya ko ya ce wani abu, na gaya mata. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "To, kai ka yi naka."

Washegari kowa ya fita tun duku-duku, har mu masu zaman makoki liman ya ce mu je mu dawo. Na sara, sungumi ya shiga kamar cikin toka, sai ka yi zurfi kafin ka ga ɗan duhun laima. Muka zuba dai. Gero ya fito jefi-jefi, nan tsiro can babu, inda tayoyi suka bi kuwa ko ciyawa ta ƙi. Sai ruwa ya ɗauke, aka shiga fari mai tsawo. Na ƙauyukan da ke kewaye da mu ya yi yaushi amma ya tsaya, don saiwarsa ta riga ta yi ƙasa. Namu ya ƙone. Da ruwa ya dawo aka sake shuka. Masu sauran iri suka zuba, marasa shi suka sayo na kasuwa wanda ba su san asalinsa ba, wasu suka juya zuwa wake. Da yardar iyalinsa na buɗe rumbun Yaya na raba abin da ke ciki, bai kai ko'ina ba. Gero na biyu bai gama cika ido ba damina ta janye. A shekarar gidaje da yawa rumbunsu ya ƙare tun sanyi bai wuce ba, samari suka tafi ci-rani da wuri, wasunsu har yau ba su dawo ba.

Ɗan Yaya ya zo da kaka. Ya tsaya a bakin gona yana kallon zangarniya ƙanana kamar yatsa, ya tambaye ni ko wannan duk saboda ranar nan ne. Na ce Allah ne ya sani. Ya yi kuka, na bar shi ya yi. Waɗanda suka ce za a duba mutane ba su dawo ba sai lokacin zaɓen cike gurbi, suka zo da taliya da sabulu. Alhaji ya ci. Bayan nan Ciyaman ya gan ni a kasuwa, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce ko a birni ba a taɓa ganin jana'iza irin ta Honarabul ba, in gode wa Allah. Na duba idonsa na ga har zuciyarsa ya faɗa. Da ya san ya yi ɓarna yana ɓoyewa, da abin ya fi zo mini da sauƙi.

Liman ya kafa doka tun daga lokacin, ba a sara kabari a garinmu sai gawa ta shigo an gan ta da ido. Ba wanda ya yi musu.

Mutanenmu ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru a cikinta suke riƙe ta. Kwanan baya wata maƙwabciya ta shigo wurin matata da 'yarta, aka tambaye ta shekarun yarinyar, ta ce an haife ta shekarar da gawar Honarabul ta hana shuka. Ba ta san ina zaure ba. Da na yi gyaran murya ta rufe baki da mayafi tana ba ni haƙuri. Na ce ba komai, ba ita ta raɗa ba. Haka ake kiran shekarar a garinmu, haka kuma yarinyar za ta riƙa faɗa idan ta girma aka tambaye ta. Ba a cewa shekarar da Ciyaman ya yi ƙarya, ba a cewa shekarar da aka jira Maigida. Da Yaya ake kiranta.